Ni Ne Gawar Malam Tanko

Duk wanda ya san Malam Tanko Mai Zane a Bukan Sidi ya san guntun fensirin nan da ke maƙale a bayan kunnensa na dama. Da shi yake cin tuwo, da shi yake zuwa ɗaurin aure. Alwala kaɗai ke sa ya cire shi, da ya shafi kunne kuma ya mayar. Ba ya yar da fensir. In ya gajarce har yatsu sun kasa riƙewa, sai ya cusa shi a bututun tsohon biro ya ci gaba da aiki. Na taɓa sayo masa sababbi guda biyu, ya jujjuya su ya ce, "Isyaku, waɗannan ba su san aiki ba tukuna." Ya miƙa wa jikokinsa.

Aikinsa zane ne a wata 'yar jarida da ake bugawa mako-mako a nan Lafia. Shafin baya, akwati ɗaya, hoto ɗaya, magana layi ɗaya a ƙasa. Ni kuwa shagona na gyaran rediyo yana kallon gidansa, a tsakaninmu akwai mangwaro da benci, nan muke yini.

Malam Tanko yana da rauni ɗaya a sana'arsa: ba ya iya ƙago fuska daga kansa, sai yana kallon mai ita. Farkon aikinsa ya zana wani babba da ainihin fuskarsa, aka yi ta zirga-zirga da shi zuwa kotu har takalminsa ya cinye. Daga nan ya yanke wa kansa hukunci. Duk mai rai a zanensa ta baya yake nuna shi, babbar riga da hula da ƙeya. Fuska ɗaya ce kawai za ta fito, ta gawa. "Gawa ba ta kai ƙara," in ji shi, kuma ya faɗi wannan magana ta fi a ƙirga.

To, wa ke gyangyaɗi a kan benci kullum bayan azahar, baki a buɗe, da dogon haɓa da kunnuwa kamar marfin tukunya? Ni. Shekara goma sha ɗaya na yi ina mutuwa duk mako ba tare da an taɓa neman izinina ba.

Kun tuna wanda aka ɗauko ni a makara kan hanya mai ramuka, na tashi zaune na ce, "Ku sauke ni, gara in taka"? Ko wanda ɗan siyasa ya je maƙabarta godiya, na miƙo babban yatsa daga kabari da tawadar zaɓe a jiki? Wanda ya fi yawo shi ne na ɗakin ajiye gawa, ina kwance ina fifita da mafici, a ƙasa an rubuta, "Ko a nan ma ba su kawo wuta ba." Gaskiya ni ma na yi dariya. Da farko ma har daɗi nake ji in masu doya a kasuwa sun ce, "Ga gawa ya zo, a ba shi hanya."

Sai ranar da Goggo Asabe, ƙanwar babana, ta sayi ƙosai a Obi aka naɗe mata a shafin baya. Goggo ba ta karatu, amma ta san kunnena. Ta hau mota da doya shida da kaza, ta fara kuka tun daga bakin titi. Ta shigo ta same ni ina cin tuwo.

Ta tsaya, ta share ido ta ce, "Isyaku, kai ne? Ka mutu ba ka aika mini ba, yanzu kuma kana cin tuwo?"

Malam Tanko ya ji hayaniya ya tsallako. Ya gaishe ta da ladabi, ya dubi kayan ya ce, "Goggo, kayan gaisuwa ba sa komawa. Ki bar su, wata rana ai za a buƙata." Ya ɗauki doya biyu, wai kasonsa ne tunda shi ya yi sanadi.

Wannan na shanye. Wanda ban shanye ba shi ne ranar da mutanen Assakio suka zo neman auren 'yata Hauwa. Na sha babbar riga, na zauna irin zaman uban yarinya. Dattijon da ya jagorance su ya yi ta kallona, can ya kasa daurewa ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba kai ne mai fifita a ɗakin gawa ba?" Falo ya ɗauki dariya. Hauwa tana jin su daga ciki. An ba da aure lafiya, amma abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Washegari na same shi a benci na ce, "Malam, sau ɗaya tak. Ka zana ni da rai, a tsaye, ido biyu, surukaina su gani."

Bai ko ɗago kai ba. "Da rai kana motsi da yawa."

"Zan tsaya cik."

"Kuma mai rai yana kai ƙara. Ga shi ma ka fara."

Na kwashe gyangyaɗina na mayar cikin shago, na ja labule. Wata biyar ban zauna a bencin nan ba. Gaisuwa sai dai ɗaga hannu daga nesa. Shi kuma tunda babu fuska, sai ya koma rufe gawarsa da likkafani daga kai har ƙafa, zanen ya daina ba kowa dariya. Na ji labarin mai jaridar yana ƙorafi. A kasuwa ana tambayata me na yi aka sallame ni. Duk da haka bai tsallako ya ce in dawo ba, ni ma ban tsallaka ba. Mu biyu masu furfura, muna gaba a kan zane. Ina kewarsa sosai, amma girman kai ya hana ni faɗa.

Wata safiya matarsa Ladi ta ɗaga labulen shagona ta ce, "Abokinka yana kwance kwana takwas. Bai ce in kira ka ba, ni ce na ce."

Na same shi ya rame, fensir na nan a kunne. Na nufi tabarma zan zauna, ya ce, "Kar ka zauna. Tsaya nan wajen taga. Ɗaga hannu, kamar ka ɗora buhu a kafaɗa." Ya jawo tsohuwar kalanda ya juya bayanta, don shi bai taɓa sayen takardar zane ba. Na tsaya har kafaɗata ta fara zogi, gumi na zuba. Da ya gama ya tura ƙarƙashin filo.

Na ce, "Mu gani mana."

Ya ce, "Ba a gani sai an buga. Har yanzu dai kana motsi."

Daga nan muka yi hira kamar ba a taɓa yin komai ba, har ya tambaye ni ko Goggo na da niyyar sake kawo doya. Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Ni na kama makarar ta gaba, hannun dama, kuma ban yarda an karɓe ni ba har maƙabarta.

Bayan sadakar uku Ladi ta kawo mini kalandar da guntun fensirin. Na buɗe a kan benci. Makara ce a kan hanyar nan mai ramuka, mutum huɗu sun ɗauka. Uku ƙeyarsu kawai ake gani. Na huɗun ni ne, a gaba, a tsaye, ido biyu, kunnuwa cif, gumi na ɗiga daga haɓa. A cikin makarar an rufe mutum ruf, sai guntun fensir da ya leƙo ta gefen kai. A ƙasa, da rubutunsa da ya fara rawa, ya sa: "Ga ka nan da rai, Isyaku. To ka daina girgiza ni."

Na yi dariya har Ladi ta tsorata, daga baya kuma abin ya juye kuka, na kasa tsayar da shi. Ban kai wa jarida ba. Yana manne a shagona sama da teburin aiki, kuma na mayar da gyangyaɗina benci, ko da yake babu mai kallo.

Allah ya jiƙan Malam Tanko, ya yafe masa, ya yafe mini wata biyar ɗin nan da na ɓatar mana. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa shi, ya sa ya kwanta inda babu mai girgiza shi. Amin.