Ni Na Kai Takalman Kaka Ƙarƙashin Rumbu

Abin da na fara lura da shi ranar da na sauka ƙauyenmu shi ne sakatar da aka kafa wa ƙofar ɗakin Kaka ta waje. Sabuwa ce, ƙusoshinta ko tsatsa ba su yi ba. A lokacin shekarata goma sha huɗu, ina karatu a Ɗambatta inda mahaifina ke koyarwa, aka kawo ni hutun damina gidan kakanninmu ta wajen Tsanyawa. Ni yarinya ce marar magana, idan baƙo ya gaishe ni sai na nemi bayan ƙyaure, amma ido gare ni. Nakan san kazar da ta daina ƙwai da wanda ya sha ruwa ya bar moɗa a ƙasa.

A gidan akwai Kaka, da Baffa yayan mahaifina wanda matarsa ta rasu, da Goggo ƙanwarsu da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta tare da 'yarta, wadda nake kira Yaya. Yaya da babban ɗan Baffa suna son juna tun suna yara, har an sa bikinsu bayan girbi. Kowa na murna, ban da Kaka. Da na tambayi Goggo zancen sakata, sai ta yi ƙasa da murya ta ce tsufa ya taɓa kan Kaka, in ba a kulle ta da rana lokacin da ake gona ba sai ta bi hanya.

Ni dai ban ga alamar haka ba. Wani hantsi muna tsinke zogale, Kaka ta tsokane ni cewa 'yan birni ko ganye ba su iya tsinka ba sai cin biredi, daga nan ta gaya min abin da ke cin ranta. Ta ce a gidan nan Goggo ta yi wankan jego na haihuwar Yaya. Ungozoma ta gwada nononta irin gwajin da, ta tatsa a ludayi ta jefa tururuwa, tururuwar ta mutu, aka ce nonon ba shi da kyau sai ta sha magani. Don kada dangin miji su ji su yi mata gori, sai aka riƙa miƙa jaririyar ga matar Baffa, wadda take goyon ɗanta, ta shayar da su tare har kwana ashirin. Baffa yana cirani a lokacin. Ungozoma ta rasu, matar Baffa ta rasu, saura Kaka da Goggo. Kaka ta ce ai wa da ƙanwarsa ake shirin aurarwa, ta faɗa ta sake faɗa, Goggo ta rantse mafarki ne irin na tsofaffi.

Daga ranar na fara sa ido. Na ga Goggo ta zuba gishiri a kokon da Kaka ta dama, sannan ta kira Baffa ya ɗanɗana. Na ga ta ɗauke carbin Kaka daga ƙusa ta jefa a akurki, da yamma ta tsinto shi gaban mutane tana salati. Idan Kaka ta tashi sallar azahar sai ta ce mata ai yanzu ta idar, ko ta manta ne? Duk wannan da fara'a take yi, tana Inna sannu, Inna zauna ki huta. Rannan na ɗago kai daga wanke-wanke muka haɗa ido tana maida murfin tukunya, na san ta gane na gani.

Ba ta yi min faɗa ba. Ta ja ni bayan danga ta ba ni gyaɗa dafaffiya, ta kira ni 'yar Goggo, ta ce ai ta san ina da hankali. Ta ce Yaya marainiya ce, ta ƙi kowa saboda yaron nan, in auren ya lalace wa zai kalle ta, kuma ina za su nufa su biyu? Tana magana hawaye na zuba. Sai ta miƙo min takalman Kaka na roba, ta ce in tura su ƙarƙashin rumbu, wasa ne kawai, ba wanda zai cutu. Wallahi na san ba wasa ba ne. Amma ban taɓa iya ce wa babba a'a ba, kuma na ji daɗi wai yau wani ya saka ni cikin sirrinsa. Na karɓa, na durƙusa, na tura su har can ciki.

Washegari Baffa ya gayyato limamin unguwa don a kashe maganar shayarwar gaba ɗaya. Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Kaka ta fito ba takalmi, ta faɗi labarinta tiryan-tiryan. Goggo ta ce a tambaye ta ina takalmanta, mai ajiye takalmi ƙarƙashin rumbu da carbi a akurki ne za a karɓi shaidarta kan abin da ya wuce shekara ashirin? Kaka ta yi murmushi ta ce a kira mata jikarta, yarinyar nan ko allura ta faɗi a gidan nan ta gani, ita za ta faɗi gaskiya. Aka kira ni. Liman ya ce in faɗi abin da na sani tsakanina da Allah. Na kalli ƙafafuna na ce Kaka tana mantuwa, ni ma na ga lokacin da ta kai takalman.

Na zaci Kaka za ta ƙaryata ni. Ba ta yi ba. Ta kalle ni ta ce a hankali, to in har ni na gani, watakila haka ne.

Aka ɗaura aure bayan girbi, na ci tuwon biki. Da na dawo hutu na gaba na tarar Kaka tana ƙulla bakin zanenta duk sallar da ta yi, ƙulli ɗaya, biyu, uku, duk da haka sai ta tambaye ni ko ta yi la'asar. Ta daina dama koko, ta ce kada ta cuci mutane. Ranar da muka koma Ɗambatta na durƙusa gaban mahaifina na faɗa masa komai. Ya je ƙauye, aka sake zama, aka ce Goggo ta dafa Alƙur'ani. Ta miƙa hannu, ta janye, ta fashe da kuka. Aka raba auren yana wata huɗu. Ɗan Baffa ya tafi kudu bai dawo ba, Yaya kuwa har yau in na gaishe ta sai ta kalli bango. Ba na ganin laifinta. Da na faɗi gaskiya a gindin darbejiya, da kuka kawai za ta yi na 'yan makonni.

Na rubuto ne saboda 'yan mata irina da ake yaba wa shiru. Ni ma ana ce min mai kunya, mai ladabi, ina jin daɗi, ban san tsoro ne kawai nake sa wa suna mai kyau ba. Idan babba ya ja ku gefe ya ba ku aikin da ba za ku iya yi gaban mutane ba, ku nemi wani babban ku faɗa masa tun ranar. Kuma kafin ku ce tsohuwarku ta rikice, ku duba wa yake amfana da rikicewar.

Makon jiya na je na zauna kusa da Kaka na faɗa mata da bakina cewa ni na kai takalman, ƙarya na yi mata. Ta shafa kaina ta ce ba komai 'yar nan, ta yafe, ai ita ma ba ta da tabbas, ta yiwu ita ce ta kai. Na riƙe hannunta na roƙe ta kada ta yafe min tukuna, ta fara yarda ni ce na ɗauka.