Yunwar da na ba 'yata tun tana ciki

A shekarun kiriz, wato matsin tattalin arziki, lokacin da aka zabtare albashin ma'aikata har masu sayen tsoka suka koma sayen ƙashi, na ɗauki cikin 'yata. Mijina mahauci ne, kullum yana mayankar Etudi, amma ni wata tara ban ɗanɗana nama ba. Rabi talauci ne, rabi dokar uwar mijina. Ta ce mai ciki ta rage ci, ba ƙwai, ba nama, kada ɗa ya yi girma a kai ga wuƙar likita. Haka matan layinmu a Brikiteri suke yi, ni ma na bi. Kunu da bobolo, wannan curin rogon da ake naɗewa a ganye, su na rayu a kai. Na haifi yarinya kamar ɗan tsako, ungozoma ta ce na iya haihuwa.

Na kusa arba'in kafin in shiga makarantar manya a Tsinga, na koyi karatu da Faransancin da zai kai ni asibiti ya dawo da ni. Shi ya sa da 'yar ta yi aure ta samu ciki, ni nake raka ta awo. A wata na biyar aka ce tana da ciwon sukari. Ba ta da jiki, kuma a dangina da na ubanta ban san mai shi ba.

Likitar ta tambaye ni yadda aka haife ta. Na ba ta labari har da alfahari. Sai ta ajiye biro. Ta ce kowa yana da ƙwayoyin gado, umarni ne a rubuce daga uwa da uba, kuma yunwa ba ta canza rubutun. Amma akwai alamomin da ke hawa kansa, su rufe wani wuri, su bar wani a buɗe. Da ta ga ban kama ba, ta nuna zanen rinin da na ɗaura: inda aka ƙulle da zare ruwan rini bai shiga ba, alhali ƙyallen ɗaya ne. Jaririn da ya sha yunwa a ciki, jikinsa kan yi shirin zuwa duniyar da ba abinci, in ya girma ya samu, shirin nan yana iya zame masa ciwo. Ba ta rantse wannan ne kaɗai dalili ba.

Na ce mata, "Dokta, ki faɗa mini gaskiya, ni na jawo mata?"

Ta ce ba ta ce haka ba, in dubi wanda ke ciki yanzu, don nasa ƙullin ake kan yi. Yarinya ta ci sau da yawa, kaɗan-kaɗan: ƙwai, kifi, wake, ganye, ta rage bobolo da shayi mai zaƙi. Yawan sukari kan sa ɗa ya yi girma fiye da kima, yunwa kuma tana da tata ɓarnar.

Mijin 'yata, da yake ranar yana tare da mu gaban likita, ya kai wa uwarsa bayani. Duk abin da aka faɗa, Hajiya ba ta riƙe komai ba sai girman ɗa. Bayan mako biyu na je duba su, na tarar da 'yata zaune a bakin famfo, ta dafe kai, leɓenta ya bushe. La'asar ta yi, kunun safe ne kawai a cikinta.

A wurinmu surukai biyu gaisuwa suke yi da kawaici. Ranar na bar kawaici a ƙofar gida.

"Hajiya, me yarinyar nan ta ci yau?"

Ta ce abin da ya ishe ta. Ita ta haifi tara a haka, ba a taɓa tsaga ta ba. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ba haka kika haife ta ba? Ko bokon tsufa ne ya mantar da ke?"

"Haka na haife ta, Hajiya. Ga shi kowace safiya ana huda mata yatsa don gwajin sukari."

Na yi ƙoƙarin gaya mata abin da likita ta ce, ta ce ita ba ta taɓa jin tuwo ya yi rubutu a jikin mutum ba. Matan gidan sun fito sun tsaya. Na ce to, yau zan tafi da ita goyon ciki. Ta ce sai wata bakwai ya cika, kuma su ne masu kawowa, ba ni ce mai ɗauka ba. In yarinya ta taka ƙofar nan ba izinin miji, ta san inda ta bar aurenta.

Na fita da ƙafa zuwa shagon ɗinkin mijin a bakin titi. Tun da ya auri 'yata ban taɓa tsayawa gabansa ba. Ya tashi daga kan keke ya durƙusa, masu jiran kaya suna kallo. Na ce shi ya ji bakin likita da kunnensa, ba a ba shi labari ba. Ya ba ni matarsa yau, ko ya zo ya tsaya a kanta har ta ci sau biyar a gaban uwarsa. Ya ɗago kai.

"Mama, ku tafi da ita. Ni zan ji da Hajiya."

Hajiya ba ta amsa sallamarmu ba da za mu fita. A gida na dafa ƙwai da wake na ajiye. 'Yata ta zuba wa kwanon ido, ta ƙi taɓawa. Can ta ce, in ya yi girma aka tsaga ta fa? Na ce in ta kai ga haka za a tsaga, ina tsaye a bakin ƙofa, amma jikana ba zai kwana da yunwa a gidana ba. Ta ɓare ƙwan ta ci.