Kwanar da Phurba Ya Ƙi Miƙarwa

Phurba Tamang bai taɓa hawa keke ba, amma duk wata hanyar keke da ta gangaro daga kan dutse a gandun dajin da ke saman Kathmandu, fartanyarsa ce ta fitar da ita. Da ƙuruciya dako yake yi wa masu hawan tsauni. Da gwiwa ta fara ciwo ya koma gyaran hanya, aikin kuwa ya karɓe shi.

Akwai wata kwana da matasa masu keke suka tsana. Hanya ta taho samɓal, sai ta karkace hagu ta kewaye tsibin duwatsun addu'a, dole kowa ya kama birki. A addinin mutanen yankin, duwatsu ne da aka sassaƙa wa addu'o'i, kuma wanda ya kewaye su suna damansa yana samun lada. Sun sha roƙonsa ya miƙar da ita. Sai ya ce to, ya ci gaba da sharar ganye.

Wata rana matarsa Mendo ta kawo masa shayi mai gishiri, ta tarar yana ƙara daddaɓe kwanar.

"Kai, tsohon nan da taurin kai! Ka bar 'ya'yan mutane su wuce mana."

"Su wuce ta ina?" in ji Phurba. "Wa ya taɓa barin duwatsun addu'a a hagunsa? Dubi yadda suke zubowa kamar an koro su, babu mai addu'a a baki. Amma kowannensu sai ya kewaya yadda ya dace, ya samu ladansa, ko ya sani ko bai sani ba."

Mendo ta kwashe da dariya. "To, kai ina naka?"

Ya kurɓi shayinsa. "Ai rabawa muke yi."