Garin jini a cikin dusa

Saniya ɗaya muka mallaka, kuma ba a gidanmu take ba. Tana rugar wani dattijo Bafulatani a bayan Fadan Kaje, abokin babanmu tun suna samari. Shi ke kiwonta amana, matarsa na tatsarta tare da nasu a ƙwarya ɗaya.

A shekarun alif ɗari tara da saba'in ina sakandare a Kafanchan. Malamin aikin gona ya koya mana cewa a tumbin saniya akwai wasu ƙananan halittu da ke rigan ta cin abincinta. Sukan farfasa abin da ke gina jiki, wani kaso ya bi fitsari a banza. Amma jinin da aka dafa aka busar yakan wuce su, ya kai hanji, ya zama nono. Na rubuta wannan da kyau, na ja layi a ƙasa.

Da hutun rani na tarar saniyar ta rame, ɗan maraƙinta yana tsotson iska. Na je mahauta da gwangwani na karɓo jini, na dafa, na shanya a kan kwanon rufi kwana uku, na daka, na gauraya da dusa da kanwa. Na auna komai daidai. Abu ɗaya na kasa, wato buɗe baki in gaya wa dattijon abin da ke ciki. Kunya ta sa na ce dusa ce kawai.

Saniyar ta shinshina, ta kau da kai. Dattijon ma ya ɗebo da yatsa ya kai hanci.

"Ɗan boko, dusar garinku wari take yi?"

Na dubi ƙasa na faɗi gaskiya, har da bayanin tumbi.

"Jinin wa?"

"Na shanu ne, Baffa."

"Ka ba ta jinin 'yan'uwanta, gobe in sha nononta in tashi in yi salla?" Bai ɗaga murya ba. "Da ta lasa ko sau ɗaya, yau za ka ja ta zuwa gidan ubanka."

Sai a lokacin na gane abin da na kusa ɓatawa. A gidanmu, da yake mu ba Musulmi ba ne, ba a ƙyamar jini, shi ya sa ban taɓa tunanin ƙwaryar da ake haɗa nonon ba, da masu saye da suka yarda da matarsa.

Ya sa na haƙa rami na binne dusar, na wanke hannu. Daga nan ya miƙo mini adda, ya nuna wata bishiyar kawo.

"Hau ka saro mata ganye. Waɗancan halittun naka na tumbi, su ma ai sa ci."

Saniyar ta zauna a rugar, dattijon kuma bai gaya wa babanmu ba. Har yau ban ce malamin ya yi kuskure ba. Amma har tsawon shekara biyu bayan haka, duk abin da na kai rugar, ko gishiri ne, sai dattijon ya shinshina a gabana kafin ya karɓa.