Sorcha, Wadda Ta Fita Ba Sallama

Ranar Talata, ashirin da ɗaya ga Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe, masu aikin ceto suka tsamo gawar Sorcha Tierney a inda kogin Galway yake zuba cikin teku. Shekarunta ashirin. 'Yar Nuala ce, yayata, tana aji biyu a makarantar koyon jinya a Athlone. Hutun kwana biyu ta zo yi wurina bayan jarrabawa, da 'yar jaka da takalmin da bai san ruwan sama ba.

Sorcha, ni malamar jami'a ce. Sana'ata ke nan in tsaya gaban mutane in yi bayanin abin da ya riga ya faru. Yau kwana goma sha biyu ina neman bakin zaren wannan, ban samu ba.

Kin zo da jerin wuraren da za ki gani, a rubuce a bayan takardar jarrabawa. Na yi miki dariya, na ce garin nan ana gama shi kafin shayi ya huce. Duk da haka kika ja ni babban coci, kika kunna kyandir don tunawa da marigayiya kakarki. Kika ja ni har ƙarshen hanyar bakin teku a Salthill, inda kowa yake shurin katanga kafin ya juya. Kin shure ta, sannan kika ba ta haƙuri. A hanyar dawowa muka tarar da wani tsoho mai goge yana kiɗa da yatsa a fashe. Kika durƙusa a jiƙaƙƙen titi kika ɗaure masa, kina yi masa faɗa kamar ke kika haife shi. Ni ina tsaye ina duba agogo.

Haka kike tun kina ƙarama. Shekarar da mijina ya kwashe kayansa, dangi suka aiko da kati da kek. Ke kuwa, kina 'yar shekara goma sha huɗu, kika hau bas ke kaɗai, kika zo kika wanke min kwanukan mako guda, kika dafa dankali, kika ce in yi kukana ina ci.

Da yammacin Asabar kina shirin fita da Clodagh, ƙawarki tun firamare da take karatu a nan, da abokanta, zuwa mashaya. Abu ɗaya ya dame ki. Ba kya shan giya sosai, ga shi ku takwas ne a tebur, kowa sai ya saya wa kowa, kuma wanda ya ce zai tafi sai an riƙe masa hannun riga an ƙara masa kofi. Kika tambaye ni yadda ake kuɓuta.

Na ce, “Yarinya, a garin nan ba a sallama. Ki ce za ki banɗaki, ki ɗauki kwat ɗinki, ki bi ta ƙofar baya. Shekara ashirin ina yin haka, ba wanda ya taɓa nema na.”

Kika ce, “Anti, wannan ai ba abin alfahari ba ne.”

Muka yi dariya. Ina jin daɗin kaina a lokacin, don na faɗi magana mai kaifi.

Kin bi shawarata. Su Clodagh suka ɗauka kina gidana. Ni na ɗauka kin kwana wurinsu, har na ji daɗi wai kin fara wayewa. Sai azahar ɗin Lahadi, ina duba takardun ɗalibai, Clodagh ta bugo waya tana tambaya ko kin tashi. Kyamarar wani shago ta nuna ki kina tafiya ke kaɗai ta gefen kogi, kina gyara wuyan kwat. Daga nan ba wanda ya sani. 'Yan sanda sun ce ko da an fita nemanki nan take, ruwan ya fi kowa sauri. Ina jin su. Amma da kin yi sallama, da wani ya rako ki.

Aka kai ki gidanku, aka tsayar da agogon falo, aka rufe madubi kamar yadda al'adarmu take in an yi rasuwa, maƙwabta suka cika kicin da burodi. Mahaifiyarki tana zaune kusa da akwatinki, duk wanda ya riƙe hannunta sai ta yi masa tambaya ɗaya: yarinyar da ko lambu za ta leƙa sai ta faɗa, yaya za ta bar mutum bakwai ba ta ce uffan ba? Ta yanke cewa ƙarya suke yi, sun ga fitarki suka ƙyale ki. Da Clodagh ta zo da furanni, a bakin ƙofa aka mayar da ita. Ina tsaye da butar shayi a hannu, ina kallo. Na ci gaba da zuba wa mutane shayi. Bayan an binne ki, ta ƙofar baya na fita.

An ce min Clodagh ta daina zuwa aji, ba ta fita daga ɗaki.

Yaya Nuala, ga amsar tambayarki. Yaran nan ba su yi ƙarya ba. Ni na koya mata. Na san ke kaɗai kika rage min a duniya, na kuma san abin da wannan rubutu zai iya jawo min. Ki kira Clodagh. Ni kuwa ki yi da ni yadda kika ga dama.

Allah ya jiƙanki, Sorcha, ya haskaka makwancinki, ya karɓe ki da irin hannun da kika riƙa karɓar mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinki Fergal, da ƙannenki biyu, da 'yan ajinku, da Clodagh. Allah ya ba su haƙurin da ni ban cancanta ba.

Yaya, ranar addu'ar cikar wata zan zo. Ta ƙofar gaba zan shigo, kuma ba zan tafi ba sai na tsaya gabanki na yi miki sallama, ko kin amsa ko ba ki amsa ba.

Dervla Mannion, Galway