Jiniyar Tashi

Duk wanda ya san Malam Zakari mai gyaran wuta a Dakata ya san ba ya wuce mataccen ƙwan fitila bai ɗaga kai ya ja tsaki ba. Daga Ringim ya zo Kano yana saurayi, yayansa Muntari ya kama hannunsa ya kai shi wata masaƙa a Bompai. Muntari a kan injin saƙa yake, shi kuma aka tura shi sashen lantarki, har jiniyar kamfanin ta dawo hannunsa. Ita ke kiran ma'aikata da safe, ita ke sallamarsu, kuma da jin ta tashi mata ke ɗora sanwa.

Ranar da masaƙar ta durƙushe babu wanda ya sallame su. Sun yi sammako ne suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Zakari ya koma haɗa wa masu wasan kwaikwayo fitilu da lasifika, shi ke yin tsawa da walƙiya daga bayan labule, a tafa wa wasu. Muntari kuwa bai koma komai ba. Ya wanke rigar aikinsa, ya goge, ya rataye, kullum maganarsa ɗaya: za a buɗe. Zakari ya san tuni aka kwashe injinan aka sayar wa 'yan gwangwan, amma bakinsa ya yi nauyi, ya bar tsohon da abin da ke riƙe da shi.

Bara wata mai zane, Zulaiha, ta sami aron ginin don baje kolin fasaha. So take duk inda baƙo ya taka, fitila ta kama a kansa, ƙarar injin saƙa ta tashi daga lasifika. Zakari ya yi aikin kamar gidansa yake ginawa, ya binne 'yan na'urori masu jin motsi daidai mazaunin kowane inji. Da aka zo kan jiniya, ta ce a sa muryarta a lasifika kawai.

"Haba 'yata, ga ta gaske can a kan rufi tana tsatsa?"

"Baba, ku kuka san ta. In za ta gyaru, bismilla."

Ga son a sani irin na mai sana'a! Ya hau, ya kankare ta, ya shafa mata mai, da hantsi ya gwada. Kukanta ya ratsa Bompai har Dakata, shi kuwa yana ta washe baki. Sai da ya leƙa ƙofa murnar ta koma ciki. Tsofaffin ma'aikatan masaƙar ne ke tahowa tsakanin tireloli da adaidaita, wasu da sanda, a gabansu Muntari cikin rigar nan da yanzu ta yi masa yawa.

Zakari ya tare shi. "Yaya, ku tsaya in yi muku bayani."

"Kauce, na makara."

Muntari ya shiga. Fitila ta kama, ƙarar saƙa ta cika wurin, fuskarsa ta yi haske yadda Zakari ya manta tana iya yi. Ya nufi gurbinsa ba tare da ya duba ƙasa ba, ya miƙa hannu inda ya saba kamawa. Babu komai sai iska, da ramukan kusoshi a siminti. Ya daɗe a tsaye, ƙarar na ta aiki ita kaɗai. Zulaiha ta juya baya tana share ido da bakin mayafi.

"Zakari," in ji shi, bai waiwayo ba, "ka sani?"

"Na sani, Yaya."

Zakari ya jira faɗa. Faɗan bai zo ba.

"To ka busa mana ta shiga, mun shigo. Wancan karon ba a busa mana ta tashi ba. Je ka busa."

Zakari ya je ya danna jiniyar. Muntari ya cire rigar, ya ninke ta a tsanake, ya ajiye a kan ramukan, ya bi sauran suka fita. Da babu sauran mai motsi a ciki, fitilun suka mutu da kansu.