Hannun da na ɗaga mata

Shekara uku muna buga ƙwallon raga tare, ni da wata ƙawata, a makarantarmu ta Bodinga. Ni ke ɗaga mata ƙwallo, ita ta yi tsalle ta maka. Duk cin da muka yi sai mun tafa. Daga baya ta buga wa jiha, har rediyo na faɗin sunanta.

Da ta zo Shagari neman ƙuri'a, na baro ɗalibaina a aji, na kutsa cikin mata har gabanta, na ɗaga hannu yadda muka saba. Ko fuskata ba ta kalla ba. Ta danƙa mini atamfa mai hotonta, ta ce, "Baiwar Allah, kada ki manta da mu."

Ni za a ce wa kada in manta? Har yau na kasa kai atamfar wurin tela.